Shirin Jarrabawar Turanci

Ya 'yan'uwana, ga jarrabawa ta ƙarato, na ga kowa ya duƙufa a kan littafi shiru, sai ka ce zaman makoki. To, malamanmu su gafarce ni, zan faɗi abin da ya same ni sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa a wata makaranta a ƙasar Gagarawa.

Ran nan na rubuta kalmomi biyu a allo, pull da full, na faɗi guda, na ce yara su nuna mini ita. Suka yi ta duban juna. Na ɗora laifin a kan kunnuwansu. Sai da na koma masauki na maimaita ni kaɗai, na ji ashe kalma ɗaya nake faɗa sau biyu. Kunya ta rufe ni, gama da an bar ni haka, da na raba wa aji guda wannan aibi, su kuma su kai shi gaba.

Asalin abin kuwa shi ne Hausa ba ta raba p da f ba. Haruffan Turanci 26 ne, amma masana sun ƙidaya sautukansa wajen 44, saboda haka ido kaɗai ba ya isar mai koyo. Ga shi a jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952, akwai takarda guda ta sautuka zalla. Da alƙalami ake amsa ta, amma wanda bakinsa bai taɓa bambanta su ba, sai ya yi ta canki-canka. Wanda ya faɗi Turanci kuwa, ƙofar jami'a a rufe take gare shi.

Maganin yana hannunmu tun makarantar allo. Wa ya taɓa ganin alaramma ya yarda yaro ya wanke allo bai biya karatu da ƙarfi ba? Wanda aka gyara wa mafitar haruffa, har ya san fito da kan harshe tsakanin haƙora wajen "sa" mai ɗigo uku da "zalun", ya riga ya mallaki sautin farkon think da na this, bai dai sani ba. Sauran p da f. Riƙe 'yar takarda a gaban bakinka, ka rufe leɓɓa, ka buɗe da ƙarfi. In ta motsa, p ta fito. Ita f, haƙoran sama ake ɗorawa a kan leɓen ƙasa. Kada kuma ka cusa wasali inda babu shi, yadda muka mai da bread burodi.

Haka na dā suka yi. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta yi suna wajen horon lafazi, kuma can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, wanda daga baya zaƙin Turancinsa ya zama abin labari.

Wajen rubutu ma kunne yana da aiki. Mu mukan ce "ubana ya zo", sai hannu ya zarce ya rubuta my father he came, alhali he ɗin nan ba ta da mazauni. In ka karanta wa aboki a fili, shi zai kama maka ita. Ni dai na sami nawa abokin. Kullum bayan la'asar mukan zauna gindin darbejiya, in biya masa shafi guda, ya biya mini, kowa riƙe da 'yar takardarsa.