Ɗan da Ya Zo Sallah da Kwamfuta

Wasiƙar da ta fi cin lokaci a shirin amsa tambayoyi na makon nan daga Waca ta fito. Wata dattijuwa ce ta sa jikarta ta rubuta. Ɗan dattijuwar injiniyan manhaja ne a wani kamfanin tura kuɗi a Yamai. Ya zo gida sallah, ƙarfe biyun dare waya ta yi ƙara, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya buɗe kwamfuta, har aka kira assalatu bai rufe ta ba. Tambayarta: wannan aiki ne ko bauta?

Mai gabatarwa bai yi mata kwana-kwana ba. "Inna, aiki ne. Zaman ko-ta-kwana ke nan, kamar gardin likita a asibitin Magariya." Kuɗin da ɗan ci-rani ke turowa gida na'urori suke bi, in suka tsaya, gari na wayewa layi zai cika ƙofar mai biya. Ya tuna mata da Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, da ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Kwaddibuwa. A irin waɗannan ranaku injiniyoyi ba sa ganin gado.

Sai muryarsa ta sauya. Gardi, in ji shi, karɓa-karɓa ne. Littafin da injiniyoyin Google suka fitar a 2016 ya ce kada zaman ya wuce kashi 25 cikin ɗari na lokacin ma'aikaci, kuma mutum takwas ake so su riƙa juyawa idan a gari ɗaya suke. Dokar ƙwadagon Nijar ta 2012 awa 40 ta yanka a mako. Ya kuwa faɗi gaskiya: wanda ya kwana a farke shi ke danna abin da bai kamata ba, alhali dukiyar talakawa ce a hannunsa.

Ya roƙi dattijuwar ta gaya wa ɗanta ya nemi rubutaccen jadawali, da hutun ramuwa bayan kowane dare, ya rubuta hanyar gyara don wani ya iya, a kuma kashe ƙararrawar duk matsalar da za ta iya jiran safiya.

Wata ɗaliba ƴar Dungas da ke Jami'ar André Salifou a Damagaram ta bugo, ta ce ta fara tsorata da irin wannan aiki. Ya ce: "Ƴata, ki ci gaba da karatunki. Ranar ɗaukar aiki ki tambaye su mutum nawa ke karɓar wayar dare."