Shirin Rufe Rami Tun Ranar Fara Haƙa

Kamfanonin Turawa sun fara haƙar kuza a ƙasar Jos tun farkon ƙarni na 20. Da farashin kuza ya faɗi a 1985, sai aikin ya durƙushe. A Bukuru da Barkin Ladi an bar mana tulin ƙasa da ramuka masu zurfi cike da ruwa. Muna noman rani da ruwan waɗansu, amma sun cinye gonaki, yara da shanu kuma sukan nutse a ciki.

Kada a sake yi mana haka. Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniya da al'umma kafin ya fara aiki, ya kuma gyara ƙasar da ya ɓata. Mu nemi a rubuta cewa:

• Za a tara ƙasar sama a gefe, a mai da ita bayan an cike rami.
• Za a dasa itatuwa.
• Za a yi wa tafki shinge, a gwada ruwansa.
• Za a ware kuɗin gyara tun farko.

Domin tattaunawa: Wa zai yi magana a madadin ƙauyenmu? Yaya ikilisiya za ta tabbatar an ji muryar mata da matasa?