Harsashi a Matsayin Kuɗi: Nazarin Jigon Wasan Kwamfuta na Metro 2033

Wasan Metro 2033, wanda kamfanin 4A Games ya ƙirƙira daga littafin Dmitry Glukhovsky aka fitar a 2010, ya ginu ne kan rayuwar waɗanda suka tsira daga yaƙin nukiliya, suka fake a tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Mosko. Tauraron labarin, Artyom, ya bar tasharsu domin neman agaji. A can harsashi ne kuɗi, duk wanda aka harba an rage na sayayya. Babban jigon shi ne, idan hukuma ta rushe, mai makami ke yanka farashi. Wannan jigo ba baƙo ba ne ga manomin karkarar Funtuwa da Malumfashi, inda 'yan bindiga kan ɗora wa ƙauyuka haraji kafin girbin masara. Don haka ya dace manazarta adabin Hausa su ɗauki irin wannan wasa a matsayin matanin nazari.