Yadda ake duba tsufan ƙaramar bindiga da neman gyara a ƙarƙashin garanti

Ƙaramar bindigar hannu, irin mai cin harsashi .22 ko 6.35 ko 7.65, ba daga bututu take fara tsufa ba. Harsashinta ba shi da zafin da zai cinye bututu da wuri. Ƙananan kayan cikinta ne ke fara gajiya, sai kuma tsatsa, wadda a birnin Lome na Togo ta fi harbi ɓarna. Iskar teku na ɗauke da gishiri, unguwar Agoè Zongo kuma tana kusa da fadamar kogin Zio, inda danshin damina ke shiga har cikin akwati. Hunturu ya zo, ƙura ta haɗu da mai ta zama kamar yashi. Bindigar da ta shekara 10 a ajiye ba a taɓa ta ba tana iya fin wadda ake aiki da ita lalacewa.

Aikin na mai lasisi ne, kuma da sauke harsashi ake farawa. A zare gidan harsashi, a ja saman bindigar baya, a leƙa ciki da ido a tabbatar ba komai, a kai harsasan wani ɗaki. Sannan a kwance ta iyakar yadda littafin kamfanin ya nuna, ba a wuce nan ba.

Sifirin da ke mayar da saman bindiga gaba shi ake fara dubawa. Yawancin ƙananan bindigogin nan ba su da makullin da ke riƙe saman lokacin harbi. Nauyin ƙarfen da ƙarfin sifirin ne kawai ke tare bugun. Idan sifirin ya saki, saman yana dukan jikin bindigar da ƙarfi a kowane harbi, kuma jikin da yawa daga cikinsu na alminiyum ne ko gamin tutiya, ba baƙin ƙarfe ba. A hankali sai tsaga ta bayyana, siririya kamar gashi, galibi kusa da ramukan ƙusa. Sifirin abu ne mai araha, jikin da ya tsage kuwa ya gama yawo. Shi ya sa ake gwada tsawon tsohon da na sabo, a canza shi a lokacin da littafin ya ce.

Daga nan sai ɗan ƙugiyar da ke fizgo kwanso: in bakinsa ya dakushe, kwanso zai riƙa maƙalewa. Sai allurar da ke bugun harsashi. A bindigar .22 tana bugun gefen kwanso ne, don haka a wasu samfura jan kunama ba harsashi yakan sa ta daki bakin ramin ta lotsa shi. A duba leɓen gidan harsashi ko ya buɗe, domin yawan sarƙewa daga nan yake fitowa. A ƙarshe a haska bututun: dalmar da ta taru tana fita da buroshi, ramukan da tsatsa ta ci kuwa ba sa fita.

Yanzu ne ake raba tsufa da aibin ƙira, kuma a nan mutane da yawa ke shan mamaki. Garanti yana ɗaukar nauyin abin da kamfani ya ɓata ne wajen ƙerawa, ba abin da zamani ya cinye ba. Sifirin da ya gaji, tsatsa, fentin da ya koɗe, ɓarnar harsashin da bai dace ba, duk na mai bindiga ne. Kamfanonin ma sun bambanta. Smith & Wesson na Amurka yana ba da garantin shekara 1, tare da alkawarin gyaran aibi muddin bindigar na hannun wanda ya saye ta tun farko. Ruger kuwa ba ya ba da rubutaccen garanti sam, amma yana karɓar gyara. Wanda ya kai bindigarsa wurin maƙeri aka goge ta ko aka yi mata walda, ya zubar da haƙƙinsa. In kuma aka taɓa lambar da ke jikinta, magana ta tashi daga ta garanti ta koma ta 'yan sanda.

In alamu sun nuna aibin ƙira ne, sai a daina harbi da ita, a haɗa rasit da lasisi da lambar bindigar da hoton wurin da ya lalace, a rubuta irin harsashin da ake sa mata. Dillalin da ke da izinin shigo da ita shi ake kai wa, shi zai yi magana da kamfani. Ba a sa bindiga a kwali a aika Turai ko Amurka kamar wayar hannu. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta fara aiki a 2009, ta hana ƙetara iyaka da makami sai da izini na musamman, kuma Togo na cikinta. Saboda haka garantin da aka rubuta don mai saye a Amurka da wuya ya amfani mazaunin Agoè. Abin da ya fi yiwuwa shi ne kamfani ya turo wa dillalin kayan canji, mai gyaran da hukuma ta amince da shi ya ɗaura.

Wadda jikinta ya tsage ko tsatsa ta cinye bututunta ba ta gyaruwa. Ba a sayar da ita, ba a jefa ta a rijiya. Ana miƙa ta ga 'yan sanda ko jandarma tare da lasisinta, a karɓi takardar shaida, domin a cire sunan mai ita daga rajista kafin a lalata ta.