Yadda Ake Hutun Hunturu a Zermatt, Ƙauyen Masu Zamiya a Tsaunukan Alps

Zermatt ƙauye ne a jihar Valais da ke kudancin Suwizalan, can ƙuryar wani dogon kwari dab da iyakar Italiya. Yana kan tsayin mita 1,600 daga teku, ga dutsen Matterhorn mai mita 4,478 tsaye a kansa, wanda masu sayen cakulan Toblerone suka daɗe suna ganin hotonsa a jikin kwali kafin a cire shi a 2023. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Afrilu garin cika yake yi da masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Wanda bai taɓa taka ƙanƙara ba ma zai iya zuwa ya ji daɗi, muddin ya yarda shi ɗan koyo ne, ya kuma san inda zai zuba kuɗinsa: malami, takalmi da inshora su ne gaba, otal mai tsada ya biyo baya in da saura.

Mataki na farko: lokaci da biza

Ka guji makon Kirsimeti da sabuwar shekara, da kuma Fabrairu lokacin da makarantun Turai ke hutu, domin farashi kan yi tashin gwauron zabo, layi kuma ya yi tsawo ko'ina. Tsakiyar Janairu ya fi sauƙin kuɗi amma sanyinsa ya fi cizo. Ni dai Maris nake ba baƙo shawara: yini ya ƙara tsawo, rana ta fara ɗumi, dusar kuma tana nan jibge. Sai dai ka duba kalanda, don a waɗannan shekarun azumin Ramadan cikin hunturu yake faɗowa, koyon zamiya da ƙishirwa kuwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Suwizalan tana cikin yankin Shengen, saboda haka bizar Shengen za ka nema ta ofishin jakadancinta. Ana karɓar takardu tun wata 6 kafin tafiya, kuma kada ka bari ya rage ƙasa da kwana 15. Za a nemi shaidar masauki, tikitin zuwa da dawowa, bayanin asusun banki, da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. A nan mutane da yawa ke yin sake. Inshorar da ta isa a ba ka biza ba lalle ta ɗauki nauyin raunin da aka ji a wasan ƙanƙara ba. Ka karanta takardar, ka tabbata an rubuta wasannin hunturu da ceto a kan dutse. Idan ƙafa ta karye a can sama, wani lokaci jirgi mai saukar ungulu na kamfanin Air Zermatt ne zai ɗauko ka, kuɗinsa kuwa dubban faran ne, wato kuɗin ƙasar.

Mataki na biyu: ganin likita

Wannan ya shafe mu fiye da Turawan da ke cika wurin. Mai cutar sikila kada ya kama hanya sai da izinin likitansa, domin tsananin sanyi, ƙarancin iskar shaƙa a kan tudu da bushewar jiki duk suna tayar da ciwon. Mai jinin AS ma, da yake zaune lafiya a gida, an san tudu mai tsayi sosai na iya taɓa masa saifa. Haka mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai asma da mace mai juna biyu. Dutse mafi tsayi a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. A Zermatt kuwa jirgin ƙasa zai ajiye ka sama da mita 3,000 cikin kimanin rabin awa, jikinka bai shirya ba.

Mataki na uku: haɗa kaya

Ba riga ɗaya mai kauri ake sawa ba, hawa uku ake yi. Ta ciki mai kama jiki, ta ulu ko ta zaren roba, ba ta auduga ba, don auduga tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya sai ta koma sanyi ƙarara a bayanka. Sai suwaita a tsakiya, sannan jaket da wando waɗanda ruwa da iska ba sa ratsawa. Ka haɗa da safar hannu mai hana ruwa, doguwar safar ƙafa ta ulu, abin rufe wuya, da takalmin yawo mai taku a ƙasa saboda santsin titi. Mata masu hijabi su zaɓi ƙarami mai kama kai wanda zai shiga ƙarƙashin hular kwano, a cusa bakinsa cikin jaket, domin mayafi mai reto na iya maƙalewa a kujerar da ke hawa da mutane.

Kada ka ce baƙar fata ba ruwanta da ƙunar rana. Farar dusa tana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kanta, har ido ya yi ja yana zubar da hawaye da dare. Baƙin tabarau, man kariya daga rana da man leɓe dole ne; man kaɗanya ma yana aiki a leɓe. Kilishi da dambun nama kuwa a bar su gida, an hana shiga Suwizalan da nama ko madara daga ƙasashenmu. Yaji dai ka ƙulla, za ka gode wa kanka.

Mataki na huɗu: shiga garin

Daga filin jirgin Zurik tafiyar kusan awa uku da rabi ce a jirgin ƙasa, daga Janiba kusan huɗu. Ko ta ina ka biyo, a garin Visp za ka sauya zuwa ƙaramin jan jirgin da ke hawa kwarin cikin kusan awa guda. Motar haya ɓarnar kuɗi ce, domin ba a shiga Zermatt da mota. Kowa a Täsch yake ajiyewa, kilomita 5 kafin garin, ya ƙarasa a jirgi cikin minti 12. A ciki sai ƙafa, sai ƙananan tasi da bas masu aiki da lantarki, waɗanda ba sa ƙara, don haka ka riƙa waiwaye. Kuɗin ƙasar faran ne, ba Yuro ba, kuma kati yana aiki kusan ko'ina.

Idan ku iyali ne, gida mai kicin ya fi ɗakin otal. Akwai kantunan Coop da Migros, ruwan famfo kuma ana sha. Ka tambayi mai gidan ledar shara ta musamman da ake saya, kuma bayan ƙarfe goma na dare a rage murya.

Mataki na biyar: ranar farko, a yi ta a ƙasa

Kada ka hau ko'ina. Ka sha ruwa da yawa, ka zaga garin, jiki ya saba. Ka bi babban titin Bahnhofstrasse zuwa tsohuwar unguwar Hinterdorf, inda rumbunan katako da suka haura shekara 300 ke tsaye a kan ƙafafu, an ɗora faifan dutse a kan kowace ƙafa don ɓera ya kasa hawa, kamar dai yadda manominmu ke ɗaga rumbu a kan duwatsu. Gidan tarihin garin yana ajiye da igiyar da ta tsinke ranar 14 ga Yuli 1865, lokacin da Edward Whymper da mutanensa suka fara kai wa ƙolin Matterhorn, huɗu daga cikin su bakwai suka faɗa a hanyar saukowa.

Da yamma ka je shagon haya. Za su tambayi nauyinka, tsayinka da ƙwarewarka, ka faɗi gaskiya, domin da wannan ake saita maƙalin da ke riƙe takalmi a kan katakon zamiya, ya sake ka idan ka faɗi maimakon ya murɗe maka gwiwa. Wajen takalmi kada ka yi kunya, ko sau biyar ne a canza. Safa ɗaya tak za ka sa, kada ka cusa ƙafar wando a ciki. Idan ka miƙe, yatsu su ɗan taɓa gaba. Idan ka lanƙwasa gwiwa, su ja baya. Dunduniya kuma kada ta ɗaga. Takalmin da ya yi maka daɗi a shago yawanci ya yi maka yawa. Ka karɓi hular kwano da sanduna biyu.

Mataki na shida: makaranta

Ka yi rajistar darasi tun kana gida, na rukuni ya fi araha, kuma kwana uku a jere ne mafi ƙaranci. Aboki gwani ba malami ba ne. Zai kai ka gangaren da shi yake ganin wasa ne, kai kuwa ka sauko da ciwo da fushi. Kada ka sayi katin hawa na mako mai haɗawa da Italiya kafin ka tambayi makarantar wanda ɗan koyo ke buƙata. Farashin katin yana sauyawa da rana, sayensa da wuri ta intanet ya fi sauƙi, yara 'yan ƙasa da shekara 9 kuma kyauta suke hawa idan an yi musu katin Wolli.

Filin 'yan koyo yana Sunnegga, mita 2,288, inda jirgi ke kai mutum ta cikin ramin dutse cikin 'yan mintuna. Abin da za a fara koya maka shi ne tsayawa: ka haɗa kawunan katakon biyu a gaba, ka ware bayansu, ka danna gefen ciki, sai gudun ya mutu. Juyawa kuma nauyi ne: ka dogara a ƙafar dama, ka karkata hagu. Tsoro zai sa ka jingina baya, nan ne katakon ke kuɓuce maka. Ƙwaurinka ya kasance yana danne harshen takalmi koyaushe. Faɗuwa kuwa sai ka yi ta. Ka faɗi ta gefe, ka jera katakon a ƙasanka a gicciye da gangaren, sannan ka tashi. Yaro ɗan shekara biyar zai wuce ka kamar iska, kada abin ya dame ka, shi a ciki ya tashi.

Hanyoyin suna da launi: shuɗi mai sauƙi, ja matsakaici, baƙi na gwanaye, rawaya kuma ba a gyara ta. Wanda ke gabanka shi ke da hanya, kai za ka kauce masa. Kada ka tsaya a matsatsi ko bayan tudun da ba a hango ka, kuma ka dubi sama kafin ka tashi. Wajen sandunan iyaka ba naka ba ne, can dusa ke zaftarewa ta binne mutane. Lambar gaggawa 144 ce, ko 112.

Mataki na bakwai: ci, salla da hawa sama

Abincin cukun da ake narkawa a tukunya ana tsoma burodi, fondue, da farar giya ake haɗa shi. Soyayyen dankalin rösti sau da yawa ana sa masa naman alade, sai ka ce a yi maka da ƙwai kawai. Raclette, narkakken cuku da dafaffen dankali, ya fi kwanciyar hankali idan ka ce kada a haɗo da yankakken nama. Ɗakin gumi na otal galibi maza da mata ne a haɗe, kuma babu tufafi. Ka tambaya kafin ka tura ƙofa. A Disamba da Janairu azahar, la'asar da magariba kusa da juna suke, rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar, don haka ka fita da alwala. Alƙibla tana kudu maso gabas.

Sai a rana ta uku ko ta huɗu, idan gari ya yi garau, ka hau jirgin Gornergrat, wanda ke aiki tun 1898. Ka zauna ta dama wajen hawa, minti 33 zuwa mita 3,089. Wanda zamiya ta gagara zai iya hayar keken jan dusa daga Rotenboden zuwa Riffelberg. Tashar Klein Matterhorn, mita 3,883, a bar ta ƙarshe: a taka a hankali, in kai ya fara sarawa ko jiri ya zo a sauko nan take. Mai niyyar tsallakawa Cervinia ta Italiya ya riƙe fasfo, ya kuma rubuta lokacin tarago na ƙarshe mai dawowa, don wanda ya rasa shi sai kwanan otal a can ko tasin awoyi da zai zagayo duwatsu.

Kayan haya a mayar da su tun daren jajibirin tafiya. Asabar ce ranar da baƙi ke fita wasu na shigowa, jiragen kwarin kan cika maƙil, dusa mai yawa kuma takan rufe hanyar Täsch na wani lokaci. Idan jirgin samanka na safe ne, ka sauka tun ana gobe ka kwana a Zurik ko Janiba.