Ɗora Ginin Katako Bisa Bangon Dutse

A birnin Firitawun na ƙasar Saliyo, wanda 'yantattun bayi daga Amurka ta Arewa suka kafa a 1792, akwai tsofaffin gidaje waɗanda ƙasansu jan dutse ne, samansu kuwa katako. Dalilin haka a fili yake. Dutse ba ya tsoron laima, katako kuwa ba shi da nauyi. Amma mu lura, duk ƙarfin irin wannan gini yana wurin da katako ya sadu da dutse. Nan ne maƙiya uku ke jira: laima, da gara, da iska.

Da fari magini zai daidaita kan bango, ya dasa dogayen ƙusoshi masu noti cikin siminti, tsakaninsu kamar ƙafa 6. Sa'an nan a shimfiɗa takarda mai kwalta, don dutse yakan sha ruwa ya miƙa wa katako, shi kuwa ya ruɓe. Inda gara ta yi yawa akan ƙara fallen kwano mai lanƙwasasshen baki. Ba ya kashe ta, amma yana tilasta mata ta gina hanyarta a sarari inda ido zai gani. Bisa wannan ne za a kwantar da katakon farko, a ɗaure shi tam da noti. In aka yi sakaci a nan, guguwar farkon damina tana iya ɗauke saman gida ta bar bango tsaye.

Bayan haka kafinta zai kafa ginshiƙai, tsakaninsu inci 16 ko 24, ya tokare su da katako a karkace. Siffa mai kusurwa huɗu takan goce in an tura ta, mai kusurwa uku kuwa ba ta motsi.

Rufin allunan waje daga ƙasa ake fara shi. Kowane allo ya hau kan na ƙarƙashinsa kamar gashin tsuntsu, na ƙarshe kuma ya sauko ya rufe mahaɗa, don ruwa ya ɗiga waje. A bar ɗan fili bayansu iska ta riƙa ratsawa.

To, 'yan'uwa, wata rana za a damƙa wa waninmu duba ginin makaranta. Ran nan kada fenti ya ruɗe mu. Mu sunkuya mu dubi mahaɗa tun ba a rufe ta ba, gama 'ya'yan mutane ne za su zauna ciki.