Kafin Yaro Ya Riƙe Fensir

A yawancin makarantun nazare na garuruwanmu, da abu guda ake auna ƙoƙarin ɗan shekara uku: ya rera haruffan Turanci, ya ƙirga zuwa ɗari, ya koma gida da jinga. Mu da ke koyar da ƙananan yara mun san wannan ma'auni bai isa ba. Yaron da zai yi karatu mai ɗorewa sai jikinsa ya yi ƙwari, bakinsa ya buɗe, hankalinsa ya kwanta, ya kuma iya zama da tsaransa. Yatsun da ba su saba da dunƙula ƙasa da tsintar duwatsu ba, wahala suke sha wajen riƙe fensir. Wanda ya zo da yunwa ko zazzaɓi ba ya fahimtar darasi, wanda kuma ke tsoron bulala ba ya yin tambaya. Shi ya sa tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Bankin Duniya suka fitar a 2018 ya haɗa abubuwa biyar: lafiya, abinci mai gina jiki, kulawar mai reno, tsaro, da damar koyo tun da wuri.

Akwai hujja mai ƙarfi daga Kingston ta ƙasar Jamaika. A shekarun 1980 an zaɓi yaran talakawa da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Ma'aikatan lafiya suka riƙa ziyartar gidajen wasunsu kowane mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da 'ya'yansu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, kuɗin da waɗannan yara ke samu ya ɗara na takwarorinsu da ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ba a koya musu rubutu ba, an dai ba su lokaci da magana.

Iyaye kan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma sun biya kuɗin makaranta ne don su ga rubutu a littafi. Gaskiyarsu, shekarun farko ba na sakaci ba ne. Amma haddar abin da yaro bai san ma'anarsa ba takan ruɗe mu, sai ya kai aji uku a gane yana furta kalma bai san abin da take nufi ba. Wanda ya sha tatsuniya da kacici-kacici cikin harshen uwa ya tara kalmomi, ya saba bin labari daga farko zuwa ƙarshe, kuma a kan wannan ake ɗora karatu. Wasu kuma su ce irin wannan reno sai mai hali. To, langa da carafke da gaɗa ba sa cin ko kwabo, alhali suna koyar da ƙirga, da daidaita jiki, da jiran layi, da haƙurin shan kaye.

Saboda haka, iyaye, idan za ku sa yaro a makaranta ku tambayi filin wasa da ruwan sha da halin malama kafin yawan littattafai. A gida ku kai shi rigakafi, ku ciyar da shi kafin ya fita, ku amsa tambayoyinsa ko sun yi yawa. Malamai kuma mu rage jinga, mu ajiye bulala, mu ba wasa lokacinsa a jadawali.